Sunan Rukayya ya fito, nawa bai fito ba

Jiya na ga sunan Rukayya, ɗiyar kawuna ta Zurmi, a jerin masu gyaran manhajar da nake karanta littattafan soyayya a ciki, irin ta kyauta da kowa ke iya sa hannu. Sai da na kife wayar.

Wata biyar ina guruf ɗinsu ban ce uffan ba, don na ga yadda ake yarfa sababbi. Ita ko ranar da na saka ta, ta faro da sallama, ya gida, ya damina.

Wani babbansu ya rubuta: "Nan ba gidan suna ba ne. Faɗi matsalarki."

Ta ce: "Yaya, mu ba mu shiga gidan mutane ba sallama. Amsa min tukuna."

Wata Anti injiniya ta amsa mata, har da ya damina, sannan ta koya mata suka gyara wani shafi da ke tsallakewa a manhajar.

Ni na nuna wa Rukayya wannan matsalar, a ɗakinmu a Kaura.

Yatsana ya tura mata barka, amma wallahi zuciyata ba ta tura ba. Kunyata ce ta cuce ni, ko su?