Takalman Da Aka Auna Da Kara

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai taɓa ranar da na yi tseren Maraɗi. A shekarun casa'in ne, ina saurayi a Madarunfa, bayan na bar lakwal, wato makarantar boko, ba tare da na tsinana komai ba sai son gudu da wani mushenmu, malamin ajinmu, ya cusa mini.

Ranin nan duk sa'o'ina sun tafi cin rani Najeriya. Ni kaɗai na rage, domin mahaifinmu ya rasu, kuma ni ne babba. Da na ji an shirya tseren gudu a Maraɗi, sai na sa kaina horo. Kullum bayan asuba nakan kama bakin tafki, wani lokaci in miƙe hanyar Safo cikin rairayi. Kayan guduna kuwa abin dariya: tsohon wando da na datse, wata riga da ta sha jiki, sai takalman roba da igiyarsu ta tsinke har na haƙura na koma ƙafa tsirara.

A garinmu babba ba ya gudu sai da dalili. Masu amalanken jaki sukan tsaya su ce, "Lafiya? Mi ya koro ka?" In ce ba komai, su girgiza kai. Daga baya ma aka daina tambaya, aka koma yi mini addu'ar samun sauƙi. Wallahi wannan ya fi dariyar ciwo. Babu mai kama mini lokaci, babu mai cewa sannu. Sai ni, sai numfashina, sai balbelun bakin ruwa.

A gida ma shiru ne. Ni ɗan fari ne, kuma innata tana cikin masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona. In na dawo jiƙe da gumi, sai in tarar da fura a ƙofar ɗakina, ita kuwa ta juya baya tana tatsar man gyaɗa. Na san maganganun gari suna isa kunnenta. Ba kyautar tsere nake nema ba. So nake in san ko ita ma mahaukaci take ganina.

Ranar tsere da safe na fito zan tafi tasha, sai na ga ƙulli a bakin ƙofa. Na kwance, sai ga takalman gudu farare fes, sababbi, suna ƙanshin turaren adakarta. A gefensu akwai ɗan guntun kara. Nan na gane: kunya ta hana ta tambaye ni, sai ta auna sawuna a rairayin tsakar gida da karan, ta ba wata mai zuwa kasuwar Ɗan Issa ta sayo. Ashe sun yi makonni a ɓoye, domin a wajenta sabon abu kamar kayan salla ne, ba a sa shi sai ranarsa.

Mushenmu ya sha gaya mana ba a shiga tsere da sabon takalmi, sai ya saba da ƙafa. Ga shi kuma karan ya auna daidai wa daida, bai bar wa ƙafa wurin kumbura ba. Na ɗaga kai, sai na gan ta tsaye bayan rumbu, wai tana gyaran tabarma. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A sa mana a gani."

To, kai ne ni, me za ka yi? Na sa. Na ce, "Sun yi, Inna."

A Maraɗi kowa da mutanensa, masu riƙe ruwa, masu kirari. Ni ko wanda zan ba ajiyar rigata ban samu ba. Da aka busa usur na fita da kyau, har na fara jin kaina. Ba mu yi nisa ba dugadugaina suka ɗau wuta. Kafin rabin hanya na ji danshi a ciki, na san ba gumi ba ne. Na zauna a bakin titi, na cire su, na ɗaure igiyoyin na rataya a wuya. Wani ɗan kallo ya ce, "Kai baƙauye, a ƙafa ake sa shi!" Aka kwashe da dariya. Na tashi na ci gaba a kan kwalta mai zafi, takalman suna bugun ƙirjina. Sa'ad da na iso har an fara naɗe igiyar ƙarshen tsere. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokaci ba.

Da la'asar mota ta sauke ni, sai na raɓe gindin wata bishiyar bedi na mayar da takalman, ina cije leɓe. Na shiga gida ina taka ƙasa kamar ba komai. Amma uwa uwa ce. Farin takalmi kuma ba ya rufa asiri, jini ya riga ya ɓullo ta baya. Ta jiƙa bagaruwa a ƙwarya, ta durƙusa gabana, ta zare su da hannunta. Rabon da ta taɓa jikina tun ban yi wayo ba. Tana wanke raunin, can ta ce, "Ni na yi wannan." Na ce, "A'a Inna, ba su saba ba ne. Su ma sai sun yi horo." Ta ce, "An kai ƙarshe?" Na ce na kai. Ta ce, "To, madalla." Na kau da kai don kada ta ga hawayena.

Da ƙafata ta warke na koma bakin tafki da takalman. Ina zagayowa sai na hango innata can nesa da igiya a hannu, wai ta zo neman itace, a wurin da ko tsinke babu. Tun daga nan kusan kullum itacen nan sai ta neme shi.

Abin da na koya shi ne, duk abin da zai raka ka ranar wuya, to ku saba tun a ranakun banza, takalmi ne ko mutum. Na kuma gane cewa duk safiyar da na ɗauka ni kaɗai nake gudu, akwai mai bin sawuna. Takalman sun daɗe da mutuwa, ita ma Allah ya yi mata rasuwa. Karan yana nan a wurina.