Idon Naƙib Hamza

Ban taɓa mantawa da safiyar da Naƙib Hamza ya fasa hawa jirginsa ba. A farkon shekarun 1960 ne, bayan an watse daga aikin Hajji, ina makanikin jiragen yaƙi a tsohon filin jirgin Jidda. Naƙib a nan shi ne kyaftin. Yana cikin rukunin farko da aka tura waje suka koyo tuƙin jirgin yaƙi, kuma ni aka damƙa wa jirginsa, yana kirana Usta, wato gwanin sana'a. Mutumin Ɗa'if ne, amma wata Bahaushiya ce ta shayar da shi a Makka, shi ya sa yake jin Hausa. In ya buɗe baki zai mayar kuwa, sai mun danne dariya.

Ƙa'idar aiki ita ce, matuƙi ba ya hawa sai mun zagaya jirgin tare, mun duba tayoyi da fukafukai da wuraren yoyon mai. Sannan ya hau tsani, in bi shi in ɗaure shi a kujera, in sauko in janye katakon da ke tare tayoyi.

Ran nan mun gama zagaye, ya ɗora ƙafa a tsani, sai ya tsaya. Ya rufe idonsa na dama da tafin hannu, ya dubi ƙarshen fili.

"Usta Bala, me kake gani can?"

Na ce, "Motar kashe gobara, ya sidi," wato ranka ya daɗe.

Ya ce, "Ni fari kawai nake gani."

Sannan ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba. Jiya suna atisaye a kan teku, wani ƙaramin hafsa, Mulazim Sa'id, yana tafiya a hagunsa. Naƙib ya karkata bai gan shi ba, saura ƙiris fukafukansu su haɗu.

"Da muka sauka, shi ya zo yana ba ni haƙuri, yana zaton laifinsa ne. Matarsa na da ciki, Usta."

Lokacin gwajin likita bai zo ba, babu mai tuhumarsa. Tausayi ya kama ni, na ce, "To ka tashi yau kai kaɗai, ka yi ban kwana da sama, gobe ka ga likita."

Ya girgiza kai. "In na hau yau, gobe ma zan sami dalilin hawa. Halas, an gama."

Ya cire hular tuƙi ya miƙo mini, ya shafa gefen jirgin, ya nufi asibitin bariki a ƙafa. Na mayar da murfin injin.

Likita ya hana shi tuƙi. Aka ba shi ofis, yana tsara wa wasu ranakun tashi. Bai yi shekara arba'in ba. Idan jirage za su tashi, sai ya rufe taga. Daga baya ɗaya idon ma ya fara bi, ya yi ritaya ya koma Ɗa'if.

Bayan shekaru na hau mota daga unguwarmu ta Nuzla a Jidda na je gaishe shi. Da muryata ya gane ni. Bai tambayi jirgin ba, labarin Sa'id ya tambaya. Na ce ya zama babba, yana koyar da matuƙa, 'ya'yansa har sun shiga makaranta.

Hawaye suka fara bin gemunsa. Sai ya ce da karyayyar Hausarsa, "To, ban yi asara ba."

Ba mu sake haɗuwa ba har ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, za ku ji ana yabon waɗanda suka tashi cikin haɗari, kuma sun cancanta. Ni dai na ɗaure jarumai da yawa a kujera, amma wanda ya fi su duka a wurina shi ne wanda ya sauke ƙafarsa daga tsani alhali babu wanda ya ce ya sauke.