Ni ce Eriyar Rediyon Baba

Ranar wata Laraba bayan la'asar, a shekarar da aka fara kwasar yaran ƙauye ana kai mu firamare kyauta, ina tsaye a tsakar gidanmu da ke Daudawa, hannuna ɗaya a sama riƙe da guntun ƙarfen rediyo, ƙawayena kuma na can ƙofar gida suna carafke. Lokacin tsinkar auduga ne, yatsuna duk sun sha suka, amma babu wanda ya tausaya mani.

Rediyon na Baba ne. Kafin ya tafi aikin Hajji akuya ta ture rediyon daga kan turmi, eriyar ta karye, sai ɗan tsinke ya rage. Daga ranar ba ya magana sai an riƙe tsinken. Yayyena duk sun gwada. Wanda ya damƙe da ƙarfi sai a ji shuuu, wanda ya saki sai tasha ta gudu. Ni kaɗai na iya: yatsa biyu, ba matsewa, gwiwar hannu nesa da jiki, fuska ta kalli gabas. Wannan iyawa ita ta zame mani wahala. Da na dawo daga rijiya ko na aje taɓarya sai in ji Inna, kakata mahaifiyar Baba, tana kira: "Ina ɗiyan nan? Zo ki kamo mana Makka."

A lokacin gidan rediyo kan sako muryoyin alhazai suna gaida iyalansu. Kullum Inna na kan tabarma tana jira, ni kuwa kafaɗata na zogi, ƙuda na yawo a hancina ba halin kora. Ko tari na yi sai an harare ni.

A wannan Larabar muka ji Baba, tar kamar yana zaure. Ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce, "Ina gaida mahaifiyata, a faɗa mata..." Inna ta zabura ta fizge rediyon daga hannuna ta rungume shi a ƙirji. Muryar ta ɓace. Na yi ta kuka ina cewa ta saki, ita kuma tana jijjiga shi tana kiran Baba da sunan da take kiransa tun yana yaro. Kafin in ɓamɓare yatsunta in daidaita riƙo, wani alhajin garin Sabuwa ne ke gaida matarsa.

Inna ba ta ci tuwo ba ranar. Ta ƙirƙiri ƙarshen maganar nan iri-iri, wasu masu daɗi, wasu masu tsoratarwa, har Baba ya dawo lafiya. Tambayar farko da ta yi mashi ita ce, me ya ce a faɗa mata. Ya sosa ƙeya, ya ce wallahi ya manta.

Yanzu ɗana kan kira ni daga Legas a wayar hannu, maganar na yankewa. Jikata ta ce ni ke toshe sabis da tafin hannuna, in sassauta riƙon. Nakan gwada, amma da na ji muryarsa sai yatsuna su ƙanƙame da kansu. Sai yanzu na daina jin haushin Inna.