Kawu Uzairu da Kwaɗin Bayan Arfa

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a bakin shagon mai waina a unguwar Mansur da ke Makka, wayoyin mutanen da ke layi suka yi ƙara a tare. Saƙo ne na gargaɗi: ana ruwa mai ƙarfi a kan duwatsun Ɗa'if, kowa ya nisanci kwari. Na ɗaga kai, sama tas, ko gajimare babu. Mutane suka mayar da wayoyinsu aljihu. Ni kuwa na fita daga layin, don na san Kawu Uzairu yana cikin kwari tun asuba.

Kawu Uzairu wan mahaifiyata ne. A wani gungu aka haife shi, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara kusa da Yawuri. Ya zo aikin hajji shekara talatin da ɗaya da suka wuce, bai koma ba, kuma bai taɓa samun igama ba, wato takardar zama. Da farko hoton alhazai yake ɗauka a Arfa, a jikin raƙumi mai ado. Da waya ta kashe sana'ar, ya koma gyaran fanka a unguwar Ka'akiyya, amma bai rabu da kyamara ba. Kwaɗi ya koma ɗauka.

Wanda bai zauna a Makka ba zai ce ina kwaɗo a garin duwatsu. Akwai su. Idan aka yi ruwa, ƙananan kududdufai kan taru a kwarin da ke bayan Arfa, su yi sati guda ko biyu kafin rana ta shanye su. A cikin waɗannan kwanakin kwaɗin ke fitowa su yi ƙwai. Kawu yakan rufe shago ya tafi. Yana da ƙa'ida: ya tuɓe takalmi ya ajiye a kan dutse, ya kashe waya, ya kwanta rub da ciki a bakin ruwa har sai sun manta da shi. Ya ce sau ɗaya waya ta yi ƙara, ya yi asarar jiran awa uku.

Burinsa kuwa kififiya. Ya ji ana cewa a tsibiran Farasan da ke Bahar Maliya akwai manya, masu shigowa ruwa mara zurfi, irin waɗanda ko a gungunsu bai gani ba. Amma marar igama ko Jidda ba ya zuwa da kwanciyar hankali, balle can. A kwamfutarsa akwai wurin ajiyar hotuna da ya sa wa suna Kififiya. Shekara shida, babu hoto ko ɗaya a ciki.

Shekara huɗu na yi ina karatun hadisi a nan, kusan kowace Juma'a a gidansa nake cin abinci. Ranar Litinin ɗin nan, bayan ruwan da aka yi a makon jiya, ya ce mini, "Nuru, ka gama karatu, zaman me kake? Zo mu je ka riƙe mini jaka."

"Kawu, ni da digiri, in je gadin kwaɗi?"

"Su ma tasbihi suke yi, ustazu. Sun ma fi ka murya."

Na yi dariya, na ce ina da takardun da zan karɓo. Ƙarya nake, barci na yi.

Da na ga saƙon, na kira shi sau tara, waya a kashe. Na hau mota zuwa Ka'akiyya. Na tarar da matarsa, Inna Sa'adiya, tana tsince shinkafa.

"Inna, kin ga gargaɗin?"

"Na gani. Kawunka a cikin ruwa aka haife shi. Zauna ka ci abinci."

"Ruwan Kwara a hankali yake tasowa, Inna. Wannan daga dutse yake gangarowa."

"Yau ya fara kashe waya? Ranar da na haifi Manar ma a kashe take."

Manar, 'yarsu, wadda Larabci ya fi mata sauƙi, ta ce, "Yallah, Yaya Nuru, Baba yana hira da abokansa." Amma ban ga ta ajiye wayarta ba.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Halin da ya saba ya rufe mana ido. Ba mu san ko ruwa ya same shi ba, ko 'yan sanda sun tare shi a hanya, ko kuwa yana kwance lafiya yana jiran kwaɗo ya buɗe baki.

Ranar Laraba bai dawo ba. Na ce zan je in sanar da masu ceto. Inna ta tare ƙofa.

"Idan ka ba da sunansa kuma yana da rai, sai a mayar da shi ƙasar da ya bari tun ba a haife ka ba. Kai wata mai zuwa za ka hau jirgi. Mu fa?"

"Idan kuma yana can da karaya, ba ruwan sha?"

Ba ta matsa daga ƙofar ba.

Da sassafen Alhamis maƙwabcinsu Marwan, direban tasi, ya kai ni kwarin. Kududdufan duk sun cike da tsakuwa da rassan itace. Mun yi ta kira har muryata ta dushe. Can a kan wani dutse mai tsayi na hango takalminsa, an jera su daidai, da jakar kyamara a gefe, a bushe. Kyamarar ba ta ciki. Kwaɗi kuwa suna ta kuka a ko'ina, kamar ba abin da ya faru.

Na kawo wa Inna takalmin. Ta daɗe tana kallon su, sannan ta ce, "Ba ya nisa ba takalmi. Ƙafarsa ta hagu ba ta jure tsakuwa." Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon fasfonsa ta miƙo mini.

Na je wurin masu ceto na ba da sunansa da shekarunsa da wurin da muka ga takalmin. An rubuta, an karɓi lambata, an ce za a duba kwarin da asibitoci da wuraren tsare marasa takarda.

Yau Juma'a. Na zo gidan kamar yadda na saba, ba wanda ya ɗora tukunya. Wayarsa har yanzu a kashe take, kuma ba a kira ni ba tukuna.