Zazzage da Mayen Ƙarfe

Musun farko da ƙanena Auta ya yi a wurin aikinsa, da mace ya yi shi, kuma da wandonsa ya biya.

Wurin wani fili ne a bayan gari, inda ake kawo tsofaffin fankokin iska, dogayen nan da ke tsaye a kan tudu suna juyi suna ba da wutar lantarki. In fanka ta tsufa aka sauko da ita, kanta ake kawowa nan, wato injin da ke bayan fukafukan. A cikinsa akwai wata ƙatuwar ganga, an jera mata mayen ƙarfe a jiki kamar tubali, kowanne ya kai sandar sabulu. Masu ilimi suna cewa maganaɗisu ne na wasu ma'adinai masu wuyar samu, in ba a ciro su daga tsohon inji ba sai an je an farke dutse a wata uwa duniya. Mu dai mayen ƙarfe muka sani, kuma wannan ba irin na wasan yara ba ne.

A ƙofar rumfar da ake kwance gangunan akwai jan layi a ƙasa, da tebur, da faranti, da wata budurwa mai kallon mutum kamar ta san abin da ya yi jiya. Aikinta ɗaya ne: duk mai shiga ya zazzage aljihunsa a faranti. Makulli, agogo, waya, bel, ko da allura ce. Auta kuwa a lokacin yana yawo da tarin makullai a sarƙa. Ɗaki nasa ba shi da shi, a gidana yake kwana, amma yana da makullin shagon da ya karye, da na akwatin da aka sace, da na babur ɗin da ya sayar. Ya ce da ita namiji ba ya rabuwa da makullinsa. Ta ce injin bai san namiji ba. Ya ce shi da ke saɓa buhun siminti ya hau bene, wane ɗan dutse ne zai ja shi? Ta ce, "To."

Da ya san mata, da a wannan "to" ɗin ya tsaya. Sai ya zare makulli biyu ya jefa a faranti don a ga ya bi doka, sauran ya danna can ƙasan aljihu.

Bai yi nisa da jan layi ba ganga ta kira shi, ya amsa da cinya. Ƙarti suka taru suna ja, aljihu ya ce ba inda za shi. Hannu ba ya shiga tsakanin cinya da ganga. Wani mai wayo ya rugo da almakashi zai yanke aljihun, almakashin ya kuɓuce masa ya je ya manne kusa da Auta, kamar ya zo jaje. Budurwar nan ko tashi ba ta yi ba. Daga kan kujerarta ta ce a gaya masa ya fita daga wandon.

Ni aka aiko wa in kawo wani wandon. Da na iso ta ce in cire ɗankunnena. Na ce zinariya ce. Ta ce, "To." Na cire.

Wandon nan tare da ganga ya shiga tanderu, don haka aikin yake: sai an gasa gangar da wuta mai tsanani maitar take mutuwa, sannan a iya ɓamɓare duwatsun. Makullan sun fito baƙi ƙirin, wando kuwa ko toka ba a ba mu ba. Shekara ba ta zagayo ba Auta ya auri mai faranti. Na ce masa ya yi dabara, wadda ta ga siraran ƙafafun nan da rana tsaka kuma ta yarda, ba a barin ta ta tafi.

Aikin ya karɓe shi, ban hana shi wannan ba. Ya zama shi ake kira in an kawo ganga mai rai, wato wadda ba a gasa ba. Da guduma ta katako da spana ta tagulla yake aiki, yana lallaɓa ta daga kan mota zuwa bakin tanderu kamar mai rakiyar sa mai tunkuyi. Matarsa ta bar faranti da 'ya'ya suka yi yawa, aka yi ta sa wasu a ƙofar, amma ba wanda ya kai ta. Wata rana wani abokin aikinsa ya manta spanar ƙarfe a aljihun baya, ya ciro ta yana magana, ta fizge da hannunsa a kai. Yatsu biyu ya bari a jikin ganga. Auta ne ya naɗe hannun da rigarsa.

Tun daga ranar ya zama Zazzage. Ba a ba shi faranti ba, shi ya ba kansa. Kafin mai ƙofa ya buɗe baki ya riga ya ce, "Zazzage." Ya sa manaja ya zazzage. Ya sa manyan baƙi masu kwat, waɗanda suka zo a ɗauke su hoto kusa da ganga, sun cire bel sun shiga riƙe da wando kamar yaran da fitsari ya matsa. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, har gida abin ya bi shi: na je barkar haihuwar autarsa, ya tsare ni a bakin ƙofa yana kallon jakata, sai da matar ta tuna masa jariri ba ganga ba ne.

A can ƙarshen filin, nesa da rumfar, akwai wani dogon ɗaki inda ake kai duwatsun bayan an gasa. Tsofaffin ma'aikata ne a ciki, maza da mata, a kan benci. Su kankare ɓawon da ke jikin dutsen, su ware mai kyau da fasasshe, su zuba a durom a kai injin niƙa, a mayar da shi gari, a sake yin sabon maye da shi don sabuwar fanka ko motar lantarki. A bakin ɗakin sun rataye ƙusa a zare. Duk tiren da aka kawo sai an wuce da shi kusa da ƙusar, don wani lokaci wuta ba ta ratsa tsakiyar ganga, dutse ya fito da sauran rai. In ƙusa ta karkata, a mayar da tire tanderu. Zazzage ya sa wa wurin suna ɗakin gawa, mutanensa kuma masu wankan gawa. In ya wuce da safe sai ya leƙa ya ce ya ƙarin haƙuri. Ƙusar kuwa, cewa yake carbin matsorata ce. Shekara da shekaru yana wannan tsiyar, su kuma suna cewa Allah ya ba shi tsawon rai. Na sha gaya masa wannan addu'ar ta tsofaffi ba ta alheri ba ce kaɗai.

Furfura ta gama cin kansa lokacin da jiri ya fara ɗibarsa. Ya ce yunwa ce. Ya faɗi a banɗaki, ya ce santsi ne. Da ya faɗi a tsakiyar falo, inda babu yunwa babu santsi, aka kai shi asibiti. Zuciyar ce take tafiya tana tsayawa kamar tsohuwar mota a hawa. Aka tsaga ƙasan kafaɗarsa ta hagu aka sa masa wata 'yar na'ura mai batir, ba ta kai akwatin ashana ba, wadda ke zungurar zuciyar in ta yi gyangyaɗi. Ranar sallama likita ya tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa, likita ya ajiye biro ya dube shi da kyau. Ya ce maganaɗisu mai ƙarfi in ya kusanci ƙirjinsa zai rikita na'urar, kuma irin na wurin aikinsa ba sai ya taɓa shi ba. Jan layin nan, ya yi ban kwana da shi.

To ka ji. Mutumin da ya sa duniya ta zazzage, an ɗinke masa nasa ƙarfen a inda ba ya zazzaguwa.

Zaman gida bai yi masa kyau ba, gidan ma bai ji daɗinsa ba. Matar, wadda ta san mayen ƙarfe tun kafin ya san shi, ta bi ɗaki ɗaki ta yi sharar duk abin da ke da maye a jiki. Ta ɓalle 'yan kayan adon da jikoki suka manna a firji, ta ba maƙwabta rediyo, ta canza murfin kabad. Shi kuma ya jera cokula bisa tsawo, ya sake jera su bisa nauyi. Ya koyi musu da talabijin. In babbar mota ta wuce da kan fanka a bayanta, sai ya tsaya a taga har ta ɓace, abinci na hucewa. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Na je duba shi, ya bar ni na shiga ko jakata bai kalla ba. A nan na san abin ya yi tsanani.

Wata safiya ya sa takalmin aiki ya tafi wurin manaja, ya tsaya nesa da rumfa ya aika a kira shi. Ya roƙi a ba shi benci a ɗakin gawa. An ce sai da ya maimaita, don manaja ya ɗauka kunnensa ne. Aka tambayi likita, ya ce mataccen dutse ba ya komai, in dai da gaske matacce ne, kuma ɗakin yana da nisa da ganguna. Zazzage ya samo doguwar sanda, ya ɗaura mata zare, ya ɗaura wa zaren ƙusa, don ya riƙa miƙa ta gabansa kafin ƙirjinsa ya isa ko'ina. Da ya leƙa ɗakin riƙe da ita kamar mai kamun kifi, tsofaffin nan suka miƙe tsaye gaba ɗaya, har da mai ciwon baya, suka ce masa ya ƙarin haƙuri.

Saura abu ɗaya. Manaja ya ce sai matar ta yarda da bakinta. Shi ma manajan, yana sabon zuwa ita ta sa shi ya zazzage a gaban leburori, har yau in ya ji muryarta hannunsa aljihu yake tafiya.

Ita kuwa ta ce a'a, kuma ba "to" ba, a'a sak. Da ta ga ya ƙi sauka, ta aiko a kira ni, wai ni ce babba, ni na goya shi, zai ji maganata. Na bar abin da nake yi na tafi, duk da 'ya'yana sun ce gwiwata ba ta son hawa bene, kamar su suka ba ni aron ta.

Na same su a falo da la'asar, shayi ya huce a gabansu, sandar tana jingine a jikin kujerarsa. Na zauna kusa da shi na ɗora jaka a cinya. Matar ta fara. Ta ce ta ga tiren da aka rantse ya mutu ya tashi ya kama guduma. Ta ce mai tura tire ɗan Adam ne, yana mantuwa, kuma ranar da ya manta ba yatsu za a naɗe a riga ba.

"Baban yara," ta ce, "ka taɓa musu da ni a kan mayen ƙarfe, ka rasa wando. Wannan karon me kake so ka rasa?"

Ya ce wancan karon ɓoyewa ya yi. Wannan kuwa har mai shara ya san a wace kafaɗa ƙarfen yake. Ya ce zaman da take so ya yi shi ma yana kisa, sai dai shi a hankali yake yi, ba ya ƙara. Sannan ya ɗauki sandar zai nuna mana yadda zai riƙa yi. Ya miƙa ta wajen firji, ƙusa ta tsaya cak. Ya miƙa ta wajen kabad, ko motsi. Ya juyo da ita a hankali, ƙusar ta yi ɗan lilo, ta karkata, ta zo ta manne a bakin jakata, ƙyas.

Ashe maɓallin jakar maye ne. Sabuwa ce, jikata ta kawo mini. Matar da ta share gida har da rediyo ta aika an kirawo maye, ta ba shi shayi, ta zaunar da shi a gefen hagun mijinta. Ta dubi jakar, ta dubi ƙusar, ta daɗe tana duban ƙusar. Na san wannan kallon, na mai faranti ne, tana auna kayan aiki. Ta miƙo hannu ta karɓi jakata ta kai ta bakin ƙofa, ta dawo ta ja zaren ta ga ko ƙullin yana da ƙarfi, ta ce wannan ba ƙulli ba ne, ta kwance ta sake ɗaurawa.

Na ga yaƙin yana neman ƙarewa ba da ni ba, kuma an ci mutuncin jakata. Na ce ni dai ba ƙusa ce za ta rufe mini baki ba. Na ce masa ya dubi madubi. Haƙori ya tafi, gashi ya tafi, zuciya sai an tura take tashi. Na ce, "Auta, kai fa tsohon ƙarfe ne yanzu. Tsohon ƙarfe kuwa wuri ake nema masa a ajiye."

Ya jingine sandarsa a hankali, ya ɗauki shayin da ya huce ya kurɓa.

"Yaya, tsohon ƙarfe ai shi ne sana'ata. Wanda ake kawo mana sai an gasa shi, an niƙe shi gari, kafin ya koma bakin aiki. Ni batir kawai aka sa mini. Ke da ko batir ɗin ba a sa miki ba, wa ya iya ajiye ki?"