Ranar da Na Ajiye Wuƙa

Gidanmu gidan fawa ne a Talata Mafara. Da babanmu ya rasu, ni aka ba wuƙar yanka, don na fi yayana kula da tsarki. Shi mutum ne marar damuwa. Ko saniya ta karye a hanyar Maradun, sai ya ce ƙaddara ce, ya ci tuwonsa har da ƙari. Ni kuwa alwala ɗaya sai in sake ta sau biyu.

Wata ranar kasuwa na yanka bijimi. Ana cikin fiɗa sai zuciyata ta tambaye ni ko na yi bisimilla. Na tuna na fuskantar da shi alƙibla, na tuna na wasa wuƙa, amma ban tuna bakina ya motsa ba.

Na ce, "Yaya, ka ji na yi bisimilla?"

Ya ce, "Ina fama da ƙafar sa, kunnena na bakinka? Ka yi mana. Kai da ko ƙuda za ka kora sai ka yi ta."

Mahauta suka yi dariya. Na wanke hannu na tafi wurin limaminmu. Ya ce in dai mantuwa ce naman halal ne, in daina biye wa waswasi. Na yi godiya. Ban kai rumfa ba wata tambayar ta zo: in sakaci ne fa, ba mantuwa ba?

Kafin azahar yayana ya sayar da naman kaf. Ina kallon mutanen ƙauyen Dakko suna ɗaure shi a babura, ina tunanin tukwanen da zai shiga.

Daga nan na fara ɗaga murya wurin bisimilla har ana waiwayena. Na koma maimaitawa, dabba na ɗaure tana wahala. Sai kuma shakkar ko na ɗaga wuƙa kafin in gama yankan. Ranar da na durƙusa kan rago na kasa, yayana ya miƙo hannu.

"Kawo, ƙanena, mutane na jira."

Shi ke yanka yanzu, yana hira, yana ƙiba. Ni ina wanke kayan ciki a bayan rumfa. Na ɗauka zan huta. Amma duk sa'ad da ya ɗora wuƙa, idona na kan leɓɓansa, kuma daga inda nake ba na ganinsu sosai.