Amin ɗin Baba Mutaru

Shekara talatin Baba Mutaru yana sanƙira a Zangon Kumasi. Ɗaurin aure ne ko suna, liman zai faɗi magana ƙasa-ƙasa, shi kuma ya ɗaga murya ya isar wa taro, da Hausa sannan da Asantanci, ba ya zubar da ko sunan kakan ango. Yana da ji da kai, wannan kam ba a musu. Mataimakinsa Razak ya sha zagi a bainar jama'a har ya gaji.

Sai hawan jini ya kayar da shi a kasuwar katako ta Anloga. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, abu ɗaya ne ya ƙi. Likita ta gaya wa matarsa Batulu cewa kalmomi duk suna nan a kansa, amma wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe farkon magana kafin ƙarshenta ya iso ya ƙanƙance, kamar ƙaramin kofi a bakin famfo. In an ce zo ka ci abinci, ya gane. In magana ta yi tsawo, ƙarshenta kaɗai ke saura masa.

Batulu ta koyi yanka masa zance gunduwa-gunduwa. Ta ɓoye wa kowa, don bawan Allahn nan in ba lasifika a hannunsa bai san kansa ba. Mutum ɗaya ta gaya wa, wai ya riƙa rufa masa asiri: Razak. Kaico, Batulu.

Ranar sunan jikan Alhaji Jibirin, Razak ya miƙe gaban dattawa, ya zubo magana a numfashi guda: tunda kan Baba ya taɓu, kuma taro ba wurin jinya ba ne, ya kamata daga yau ya miƙa lasifika ga wanda ya daɗe yana ɗaukar masa jaka, ya koma gida ya zauna, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Addu'ar kaɗai Mutaru ya kama. Ya ɗaga hannu, da muryar nan tasa mai cika layi, ya ce amin. Taro ya fashe da dariya. Liman ya sunkuyar da kai.

A gida ya tambayi Batulu, "Me na ce wa amin?"

Tana kuka, ta yanka masa yadda ta saba. "Sun cire ka, Maigida. Razak suka ba. Kai ka amince."

Wannan karon babu abin da ya zube masa.